Erice: Tarihi, Gine-gine da Abincin Wani Tsohon Gari a Kan Dutse a Italiya

Erice tsohon gari ne da ke zaune a ƙwanƙolin wani dutse mai tsayin mita 751, a kusurwar yamma ta tsibirin Sisili na ƙasar Italiya. A gindin dutsen birnin Trapani yake da tashar jiragen ruwansa, tekun Bahar Rum kuma ya kewaye yankin ta yamma da arewa. Garin ya fi kusa da birnin Tunis a kan birnin Rum, fadar gwamnatin Italiya, kuma wannan maƙwabtaka da Afirka ta bar sawunta a tarihinsa da tukunyarsa. Abin da wannan lacca za ta bayyana shi ne yadda tsayin dutsen ya zama jigon labarin garin gaba ɗaya: shi ya jawo masu bauta da mayaƙa, shi ya kori mazauna lokacin da aka samu zaman lafiya a ƙasa, shi ne kuma ya adana gine-ginen har suka kawo yau.

Asalin Garin da Zamanin Gumaka

Mutanen da tarihi ya fara sani a kan dutsen su ne Elimawa, waɗanda suka mallaki garuruwan Segesta da Entella a yammacin tsibirin. Masanin tarihin Girka, Tusididis, ya rubuta cewa asalinsu 'yan gudun hijira ne daga birnin Troy bayan faɗuwarsa. Girkawa na kiran garin Eryx. Sunansa ya bazu a Bahar Rum saboda ɗakin tsafin wata gunkiya da ke kan tsinin dutsen. Finikiyawa sun ce Astarte ce, Girkawa suka ce Afrodayit, Rumawa kuma suka kira ta Venus. Matuƙan jiragen ruwa na hango dutsen daga nesa su gane hanya, idan sun sauka lafiya sai su hau da kyaututtuka. Marubutan zamanin da sun ambaci wani biki na shekara-shekara, inda tantabarun ɗakin tsafin ke ɓacewa, a ce sun raka gunkiyar zuwa Afirka, bayan kwana tara su dawo a yi shagali.

Dukiyar wurin ta taɓa ruɗar manyan mutane. Kafin Atenawa su kawo yaƙi Sisili a shekarar 415 kafin Miladiyya, mutanen Segesta sun kai jakadun Atenawan ɗakin tsafin, suka nuna musu kwanonin azurfa birjik don su ɗauka cewa akwai kuɗin ɗaukar nauyin yaƙin. Atenawa suka amince, suka zo da rundunar jiragen ruwa, aka yi musu mummunar kaye a Sirakusa.

A yaƙin farko tsakanin Rum da Kartaj, daular da cibiyarta ke kusa da Tunis ta yau, dutsen ya zama fagen fama. A shekarar 260 kafin Miladiyya mutanen Kartaj suka kwashe mazauna garin suka saukar da su bakin teku, inda Trapani take yanzu. Rumawa suka kama dutsen a 249. A 244 sai Hamilkar Barka, mahaifin Hanibal, ya kutsa ya kafa sansani a tsakiyar gangaren, Rumawa na samansa a tsini, wasu na ƙasansa a gindi, aka yi ta gumurzu ba wanda ya iya tumɓuke wani. Yaƙin ya ƙare ne a kan ruwa a shekarar 241, kusa da tsibiran Egadi da ake hangowa daga garin, inda Rumawa suka yi nasara. Su ma sun girmama gunkiyar, har suka gina mata ɗaki a birnin Rum a shekarar 215 kafin Miladiyya. Bayan haka garin ya yi ta raguwa, kuma da addinin Kirista ya kafu sai sunansa ya kusan ɓacewa daga littattafai na tsawon ƙarnoni.

Zamanin Musulmi da Normawa

A shekarar 827 rundunar daular Aglabawa ta Ƙairawan ta sauka a Mazara, kudu da Trapani. Jagoranta shi ne alƙali Asad ibn al-Furat, malamin fiƙihu wanda ya yi karatu a wurin Imam Malik a Madina, kuma mawallafin Asadiyya, littafin da Mudawwana ta Sahnun ta samo tushe daga gare shi. Palermo ta faɗa hannun Musulmi a 831, yammacin tsibirin ya biyo baya, dutsen kuma ya samu sabon suna, Jabal Hamid. Mulkin Musulmi a Sisili ya wuce shekara 200, daga Aglabawa zuwa Faɗimawa da gwamnoninsu Kalbawa. A wannan zamani ne aka bunƙasa noman rani da magudanan ruwa, aka yaɗa noman rake da lemon tsami da auduga.

Normawa, mayaƙa daga arewacin Faransa, sun fara cin tsibirin a 1061, suka gama a 1091. Trapani ta miƙa wuya ga jagoransu Roja na Ɗaya a 1077. Labarin baka na garin ya ce waliyyin Kirista Juliyano ya bayyana ya taimaki mayaƙansa lokacin kewaye dutsen, shi ya sa aka sauya masa suna zuwa Monte San Giuliano. Da wannan suna aka san garin har shekarar 1934, lokacin da gwamnatin Musolini ta maido masa da sunan zamanin da.

Marubuta Larabawa biyu sun bar bayanin dutsen a ƙarni na 12. Al-Idrisi, wanda ya kammala littafinsa na labarin ƙasa a 1154 a fadar Sarki Roja na Biyu, ya siffanta shi da dutse mai girma, mai yalwar ruwa da ƙasar noma a samansa, da wata kagara da aka bari ba mai tsaro. Bayan shekara 30 sai Ibn Jubair, mutumin Andalus, ya yada zango a Trapani a kan hanyarsa ta komawa gida daga aikin hajji, daga ƙarshen 1184 zuwa farkon 1185, yana jiran jirgi da iska mai kyau. Shi kuwa ya tarar da kagarar cike da Kiristoci, sun hana Musulmi hawa, sun kuma yi gada da za su iya yankewa idan an kawo hari. Ya ambaci gonakin inabi da maɓuɓɓugan ruwa masu yawa a jikin dutsen. A Trapani ya ga Musulmin garin sun fita sallar Idi da ganguna da ƙahoni tare da shugabansu, abin da ya ba shi mamaki ganin suna ƙarƙashin mulkin Kirista. Idan aka haɗa bayanan biyu za a ga cewa a tsakanin waɗannan shekaru ne Normawa suka sake raya dutsen, suka mai da shi hasumiyar tsaron mashigin ruwan da ke tsakanin Sisili da Afirka. Zaman Musulmi a tsibirin ya ƙare a ƙarni na 13, lokacin da Sarki Firederik na Biyu ya kwashe su zuwa Lucera a kudancin Italiya.

Daga Gidan Aragon Zuwa Haɗewar Italiya

A 1282 mutanen Sisili suka yi wa sarakunan Anju na Faransa tawaye, suka gayyato gidan sarautar Aragon ta Sifen, aka shafe shekara 20 ana yaƙi. Monte San Giuliano ya amfana da wannan zamani. Garin na ƙarƙashin sarki kai tsaye, ba hakimi a tsakani, kuma ƙasarsa ta miƙe daga dutsen har bakin teku a San Vito Lo Capo. Alkama da dabbobi daga wannan faffaɗar ƙasa su suka gina gidajen attajirai da majami'u, waɗanda adadinsu ya haura 60 a wani zamani. Yahudawa ma suna da unguwarsu, har zuwa dokar 1492 da sarakunan Sifen suka kore su daga duk ƙasashen da suke mulka.

Mulkin Sifen ya daɗe, sannan gidan Borbon ya karɓa a ƙarni na 18. A ranar 11 ga Mayu, 1860, Garibaldi, madugun fafutukar haɗe Italiya, ya sauka a Marsala da 'yan sa-kai kimanin dubu, mutanen dutsen suka sauko suka mara masa baya a yaƙin Calatafimi, shekara guda bayan haka aka kafa daular Italiya.

Tun kafin wannan lokaci garin ya fara zubar da jama'a. Da hare-haren 'yan fashin teku suka lafa, aka kuma raba filayen gari ga manoma, sai zama a kan dutse ya zama wahala marar dalili, manomi ya gwammace ya kwana kusa da gonarsa. Ƙauyukan da ke ƙasa suka girma har suka ɓalle suka zama ƙananan hukumomi: Custonaci a 1948, Buseto Palizzolo a 1950, San Vito Lo Capo a 1952, sai yankin da yau ake kira Valderice a 1955. Ƙaramar hukumar Erice ta yanzu tana da mutum sama da dubu 25, amma mafi yawansu a unguwannin gindin dutse suke, waɗanda suka haɗe da Trapani. Masu kwana a tsohon garin duk shekara 'yan ɗaruruwa ne kawai.

Abubuwan Kallo

Ana hawa garin ta hanyar mota mai yawan kwana, ko ta ƙananan akwatunan fasinja masu tafiya a jikin igiyar ƙarfe, waɗanda aka buɗe a 2005, suna ɗaukar kimanin minti goma daga Trapani. Fasalin garin mai kusurwa uku ne. Ɓangarorin da dutsen ya yanke tsaye ba su buƙaci kariya ba, don haka aka yi ganuwa a gefen arewa maso yamma kaɗai, tsawonta kimanin mita 700, da ƙofofi uku: Porta Trapani, Porta Carmine da Porta Spada. Wannan ganuwa littafi ce ga mai lura. Manyan duwatsun da ke gindinta aikin Elimawa da mutanen Kartaj ne, a jikin wasunsu har yau ana ganin haruffan Finikiyanci da magina suka sassaƙa. Ƙananan duwatsun da ke sama kuwa gyaran zamanin Normawa ne da waɗanda suka biyo bayansu.

Da shiga Porta Trapani sai babbar majami'ar garin, Matrice, wadda Sarki Firederik na Uku na gidan Aragon ya sa aka gina a 1314. Hasumiyar da ke gabanta, mai tsayin mita 28, ta riga ta, domin asalinta wurin hangen abokan gaba ne a lokacin yaƙi, daga baya aka rataya mata ƙararrawa. An ƙara rumfar ƙofa a ƙarni na 15. Cikin majami'ar ya rushe a tsakiyar ƙarni na 19, aka sake gina shi da rufi mai adon farar ƙasa da aka yi wa zane kamar saƙa.

Titunan garin an daɓe su da duwatsu cikin tsari, dogayen sassaƙaƙƙu sun yi layi, ƙananan tsakuwoyi sun cike tsakaninsu, don ƙafar mutum da ta alfadari su samu mariƙa a gangare. Wasu lungunan mutum ɗaya kawai ke iya bi, an matse su ne don karya ƙarfin iska da kuma hana mahara shigowa a tare. Gidajen ba su da manyan tagogi a waje. Rayuwar iyali a tsakar gida take, wadda ake daɓewa a ƙawata da tukwanen furanni, da rijiyar tara ruwan sama a tsakiya ko a kusurwa. Hazo kan rufe garin ko da rana na ƙwallewa a Trapani, lokacin hunturu kuma wani sa'in har ƙanƙara takan sauka.

A kusurwar kudu maso gabas kagarar Normawa take, wadda ake kira Castello di Venere, an gina ta a ƙarni na 12 zuwa na 13 a daidai harabar tsohon ɗakin tsafi, da duwatsunsa ma aka yi wani ɓangaren ginin. A saman ƙofarta akwai tambarin gidan sarautar Habsburg na Sifen da wata kafa da masu tsaro ke jefo abubuwa kan mahara. Gabanta akwai hasumiyoyin Balio, mazaunin wakilin sarki a da. A shekarun 1870 wani basarake mai son tarihi, Agostino Pepoli, ya gyara hasumiyoyin, ya dasa lambun da jama'a ke shaƙatawa a yau, ya kuma gina wa kansa ƙaramar hasumiya a kan wani tsini don karatu da karɓar baƙi masana. Daga wannan lambu ana hango Trapani ta miƙe cikin teku, da filayen gishiri, da tsibiran Egadi, da dutsen Cofano ta arewa maso gabas.

A gidan tarihi na Cordici akwai ƙaramin kan gunkiyar da aka sassaƙa da marmara a ƙarni na 4 kafin Miladiyya, da wani sassaƙen Antonello Gagini na 1525. A gefen arewa akwai barikin da aka fara gina wa sojojin Sifen a ƙarni na 17 ba a gama ba. Sana'o'in hannu biyu sun rage: ginin tukwane masu fenti, da saƙar darduma mai launi-launi da mata ke yi da yankakkun tsummoki.

Cibiyar Kimiyya

Abin da ya hana gine-gine da yawa zama kango shi ne wata cibiya da masanin kimiyyar fiziks Antonino Zichichi, ɗan Trapani, ya kafa a 1963. Ya sa mata sunan Ettore Majorana, haziƙin masani ɗan Sisili da ya ɓace a 1938 ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Cibiyar ta karɓi tsofaffin gidajen ibada na San Rocco da San Domenico da San Francesco ta mai da su ɗakunan lacca da masaukai. Dubban masana daga ƙasashe da dama, ciki har da masu lambar yabo ta Nobel, sun koyar ko sun yi karatu a can. A lokacin Yaƙin Cacar Baki, masanan Amurka da na Tarayyar Sobiyet sun zauna a Erice suna tattauna haɗarin makaman nukiliya, kuma a 1982 Zichichi da Paul Dirac da Piotr Kapitza suka rubuta Sanarwar Erice, mai kira ga gwamnatoci su daina ɓoye binciken kimiyya su kuma rage makamai.

Abincin Garin

Tukunyar Erice ta dogara da alkama mai tauri daga filayen ƙasa, da kifi daga teku, da man zaitun, da almon, ƙwayar itace mai maiƙo da ake nomawa a sassa da yawa na Sisili.

Abincin da ya bambanta lardin Trapani da sauran Italiya shi ne kuskus. Ana zuba tsakin alkama a faffaɗan akushin yumɓu, a riƙa yayyafa ruwa ana murzawa da yatsu har ya dunƙule ƙanana-ƙanana. Sai a haɗa shi da man zaitun da albasa da tafarnuwa, wasu su ƙara kirfa, a turara shi a tukunya mai huda-huda, kamar yadda ake turara dambu a madambaci, a liƙe bakin tukwanen biyu da ƙullu don kada tururi ya tsere. Idan ya nuna sai a jiƙa shi da romon kifi iri-iri, a lulluɓe da bargo ya huta kafin a ci. A Arewacin Afirka an fi cin kuskus da nama da ganye, a nan kuwa kifi ne abokin tafiyarsa. Wasu masana na danganta shi da zamanin mulkin Musulmi, wasu kuma da zirga-zirgar masunta da 'yan kasuwa tsakanin Trapani da gaɓar Tunusiya a ƙarnonin baya. Tun 1998 ake yin bikin kuskus duk watan Satumba a San Vito Lo Capo, inda masu dafa abinci daga ƙasashen Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya ke gasa.

Na biyu shi ne taliyar da ake kira busiate. Ana naɗe zaren ƙullu a jikin siririn tsinke, a zare tsinken, taliyar ta fito a murɗe. Miyarta ba ta hawa wuta: ana daka tafarnuwa da gishiri da ɗaɗɗoya da almon a turmi, a ƙara ɗanyen tumatir da man zaitun. An fi son jar tafarnuwar ƙauyen Nubia da ke kusa da filayen gishiri. Gishirin kansa daga ruwan teku ake samunsa, a tare shi a faffaɗan kwamai rana da iska su busar, tsofaffin injinan iska na tsaye a gefensu. Kifin tuna ma yana da dogon tarihi a yankin. A Bonagia da ke gindin dutsen da tsibirin Favignana a da an daɗe ana kama shi da manyan tarukan da ake kafawa a teku, ƙarƙashin shugaban masunta da ake kira rais.

Sunan Erice a bakin Italiyawa kuwa ya fi fitowa ta wajen kayan zaƙi, kuma asalin wannan sana'a a gidajen mata masu zaman ibada take. A da matan gidan San Carlo na yin su suna sayarwa ta wata kafa a bango ba tare da an ga fuskarsu ba, kuma sun riƙe sirrin haɗin a tsakaninsu. Wata marainiya mai suna Maria Grammatico ta shiga gidan tana shekara 11, ta koyi aikin ta hanyar kallo, ta fito ta buɗe shagonta a shekarun 1960. An buga tarihin rayuwarta a 1994 tare da marubuciya Mary Taylor Simeti, abin da ya kai sunan sana'ar ƙasashen waje. Mafi shahara shi ne genovese, ƙullu mai taushi da ake cika wa haɗin madara da ƙwai da ɓawon lemon tsami, a gasa, a barbaɗa garin sukari, a ci da ɗumi. Akwai dunƙulen almon mai ɗauke da ɓawon lemo da aka dafa da sukari, da biskit mai tauri mai ƙamshin kanumfari. Akwai kuma ƙullun almon da sukari da ake siffantawa a yi masa fenti ya fito kamar 'ya'yan itace na gaske, ana ba yara a ranar 2 ga Nuwamba, ranar tunawa da mamata, a lokacin Ista kuma a yi shi da siffar ɗan rago. A tsohon salon gashin Sisili akan sa kitsen alade a wasu ƙullun, a kuma ɗiga giya a wasu haɗin, don haka baƙo Musulmi yakan tambaya kafin ya saya.

Kammalawa

Erice na cikin ƙungiyar ƙauyuka mafi kyau na Italiya, kuma yawon buɗe ido shi ne babbar hanyar samun kuɗinsa a yau. Matsalolinsa a fili suke: gidaje da yawa a rufe suke mafi yawan shekara, matasa na sauka ƙasa neman aiki, gobarar daji kuma kan cinye itatuwan gangaren a lokacin zafi. Duk da haka garin ya nuna hanya ɗaya mai amfani ga duk mai riƙe da tsohon gari: ginin da aka ba sabon aiki ya fi daɗewa a kan wanda aka kulle don kallo. Ɗakunan ibada sun zama ajujuwan kimiyya, sirrin matan San Carlo ya zama sana'ar da ke ciyar da iyalai, ganuwar da aka fara fiye da shekara 2,500 da suka wuce kuma har yau ita ce iyakar garin ta arewa maso yamma.